Layar Safiatu a Cikin Gilashi

Shamsiya ce ta yi. Kada wanda ya ɗora wa ma'aikatan asibiti, kada wanda ya ce ɓarayin cikin jirgin ƙasa ne. Shamsiya 'yar Ladan, wadda ake ce wa Dokta, wadda ke shiga dogon ginin nan na bakin kogi da kati rataye a wuya, ita ce ta ɗauke layar yayarta lokacin da yayar ke kwance ba ta san inda kanta yake ba, ta kai wa baƙi suka sa mata aska. Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya suka sha. Masu cewa kuskure ne su kama bakinsu. Kuskure ba ya yin wata biyar yana kawo miki lemo yana tambayar ya jiki.

Yayar ita ce Hajiya Safiatu, mai tebur a titin 125 a unguwar Harlem ta Amurka, tsakanin mai sayar da tabarau da Afua mai 'yan kunne. Man kaɗe take sayarwa, da turaren wuta, da baƙin sabulu. Shekarunta sittin da tara, ba ta taɓa zama a aji ba, amma babu ɗan sanda ko mai ciniki da ya taɓa raina mata wayo a wannan titi. Layar kuwa shekara hamsin da ɗaya tana jikinta.

Ga yadda ta same ta. Mahaifinsu Ladan mutumin Damagaram ne, mai raƙuma. A yaƙin duniya na biyu sojan Faransa suka kwashe shi da raƙumansa suka yi arewa har Fazzan, ƙasar Larabawa da ke kudancin Libiya, inda suka kori Italiyawa. Da yake ya ji Larabci tun yana yaro a hanyar ayari, ya kuma tsinci Faransanci a bakin soja, sai kwamandan wani garin dabino ya mai da shi tafinta. Shekara biyu yana tsaye tsakanin Nasara da dattawan garin, wannan ya faɗa ya juya wa wancan. Ya dawo gida da tabo a ƙafa da laya a dantse. Yana son ba da labarin Fazzan, rijiyoyinta da dabinonta da sanyin asubarta, amma in ya zo kan rigimar dattawa da kwamandan sai ya ce, "To, Allah dai ya kyauta," ya nemi buta.

Da Safiatu ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba a kai ta ba. Inna ba lafiya, dole wani ya yi daka, wani ya ɗebo ruwa, kuma wanin nan ita ce. Bayan shekara goma sha ɗaya aka wanke Shamsiya tas, aka sa mata riga mai aljihu, Baba da kansa ya riƙe hannunta har ƙofar aji. Safiatu tana da sha takwas, ana shirin bikinta. Ta tare shi a zaure ta yi masa tambayar da ba a yi wa uba.

"Baba, ni me na yi da ba a kai ni ba?"

Bai yi faɗa ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kwance layar, jar fata ce mai faɗin tafin hannun yaro, ya damƙa mata.

"Ita na ba ta abin da 'yar kowa ke iya samu," in ji shi. "Ke na ba ki abin da ya fito da ni daga Fazzan da raina. Ba a buɗe ta. Ran da aka buɗe, ta mutu."

Wannan ba sai an gaya wa kowa ba. Laya ba a farke ta, ba a leƙa cikinta. In fata ta tsufa, baduku ya ɗinka sabuwa a kan tsohuwar, shi ke nan. Sau biyu Safiatu ta yi haka: koriya a Damagaram bayan haihuwarta ta fari, baƙa a Lome lokacin da take fataucin atamfa. Fata uku ke nan, ɗaya a cikin ɗaya.

Shamsiya ta yi ta hawa. Ta gama ta Damagaram aka tura ta Yamai, ta gama ta Yamai aka tura ta Faransa. Hotonta da baƙar hula mai kusurwa huɗu ya hau bangon ɗakin Inna, mata suna zuwa kallo kamar an haifi ɗan maraƙi mai kai biyu. Duk ran da aka kawo irin wannan labari, Safiatu takan ce masha Allah da bakinta, hannunta kuwa ya lallaɓa ƙarƙashin riga ya taɓa layar. Ki ci takardunki. Abin da ya taɓa fatar Baba yana nan wurina. Ko da Shamsiya ta yi mata takardun zuwa Amurka, ta riƙa faɗa a gaban mutane, "Ni na kawo Yaya," layar ce ta hana Safiatu haɗiyar zuciya.

Sai gwiwa ta ƙi. A watan sanyi aka kwantar da ita za a yi mata aiki. Nas ta ce ba a shiga ɗakin fiɗa da komai a jiki. Safiatu ta yi gardama har muryarta ta dushe, daga ƙarshe ta cire da hannunta ta miƙa wa ƙanwarta, don wa za ta miƙa wa? Da ta farfaɗo ta tambaya, Shamsiya ta ce tana gida a ajiye. Bayan mako biyu ta kawo mata laya da sabuwar fata ruwan ƙasa.

"Maganin asibiti ya zube a kan baƙar, Yaya, ta fara ruɓewa. Na kai wa wani baduku a Bronx ya rufa mata wata."

Safiatu ta auna ta a hannu. Ta ji kamar ta fi sauƙi, ta shinshina ba ta ji warin da ta sani ba. Amma ta ce a ranta sabuwar fata ce, har ta sa wa ƙanwar albarka. Albarka! Wata biyar tana rataye da abin da ba ta sani ba.

Ranar wata Asabar da hantsi, tana jera kwalaben turare, Afua ta miƙo wuya daga teburinta da waya a hannu. Afua 'yar zangon Kumasi ce, ta yi aji shida, kuma babu abin da ke wucewa a wayoyin mutanen Harlem bai biya ta wurinta ba.

"Ei, Hajiya, ashe yau kuna da biki ba ki gaya mini ba? Rowa paa!"

"Bikin uban wa?"

"Na ubanki mana. Ga ƙanwarki nan, ta sha gwaggwaro kamar matar minista."

Hoton gayyata ne. Shamsiya tsaye tana murmushi, hannunta a kan wani akwatin gilashi. Afua ta bi rubutun da yatsa tana juyawa: yau da ƙarfe biyu, a wani gidan adana tsoffin takardu da ke tsakiyar Manhattan, za a nuna wasiƙar dattawan Fazzan ta shekarar 1943, wadda Dokta Shamsiya Ladan ta gano, ta kuma ba gidan kyauta.

"Buɗa mini nan," in ji Safiatu. "Nan, cikin gilashin."

Afua ta ja hoton da yatsu biyu. Ga takarda shimfiɗe, duk layin ninki. A gefenta an jera fata uku a buɗe kamar kifin da aka tsaga: ja, koriya, baƙa. A kusurwar koriyar akwai ɗan baƙin tabo, inda man gyaɗa mai zafi ya fallatsa mata ranar sunan ɗanta na biyu.

Safiatu ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu cikin riga ta fizge igiyar da ke wuyanta, ta ajiye abin ruwan ƙasan a kan tebur tsakanin sabulai tana kallonsa. Mene ne a ciki? Addu'a? Guntun jarida? Ba ta da hanyar sani sai ta farke, kuma hannunta ba zai iya ba. Ko a wannan Shamsiya ta san da wa take yi.

"Rufe teburinki," ta ce wa Afua. "Yau kunnenki nake so, ba 'yan kunnenki ba."

Ta jefa abin ruwan ƙasan a jaka, suka kai kaya ma'ajiya, suka gangara ramin jirgin ƙasa. Duk tsawon hanya Safiatu na dafe da sandarta, wuyanta wayam, tana jin iskar jirgin na shiga inda bai kamata ba.

Gidan na da ƙofar ƙarfe mai nauyi da matakala ta farin dutse. Mai gadi ya dubi zanen Safiatu da takalmin robarta ya tambayi sunanta a jerin baƙi. Babu. Afua ta ce masa da Turanci wannan yayar mai bikin ce, sai ya matsa. Cikin zauren mutum ya kai ɗari: Turawa masu furfura, Larabawa, 'yan ofishin jakadanci da matansu, har da waɗanda ke sayen turare a teburinta suna neman ragi. Su duk an gayyace su. Suka zauna a kujerun baya.

Shamsiya na kan mumbari da farin leshi, tana zuba Turanci kamar ruwan famfo. Afua ta matso da baki kusa da kunnen Safiatu.

"Ta ce wai da Faransawa suka shigo garin, dattawan Larabawa ne suka ba su 'yan jagora da ruwa, a kan in an kori Italiyawa gari ya koma hannun masu shi. Da aka kore su, kwamanda ya shiga gidan gwamnan da ya gudu ya zauna. Ya karɓi makullan rumbun dabino. Ya sauke alƙalinsu ya naɗa nasa."

"Na san wannan. Har nan Baba yakan faɗa."

"Ta ce dattawan sun je sau uku, yana ce musu ai yaƙi bai ƙare ba, su jira. Sai suka rubuta wa Turawan Ingilishi da ke riƙe da birnin Tarabulus, su goma sha ɗaya, kowa ya buga hatiminsa. Suka ba tafinta amana ya kai, don shi kaɗai ke fita gari ba a hana shi ba. Shi kuma don kada soja su caje shi, ya sa baduku ya ɗinke ta kamar laya." Afua ta ƙara matsowa. "Hajiya, ta ce bai kai ba. Wai ya ji an harbe wani a hanya saboda takarda, tsoro ya kama shi, ya juyo."

Wannan Baba bai taɓa faɗa ba. Safiatu ta ji kujerar ta yi mata ƙanƙanta. A gaban Nasara, a gaban Larabawa, a gaban masu neman ragin turare, 'yar da ya riƙe wa hannu har ƙofar aji ta tsaya tana cewa ubanta matsoraci ne, ya ci amana. Kuma suna gyaɗa kai, suna rubutawa.

Sai aka kira wani dattijo Balarabe, siriri, mai farin gemu, aka ce jikan ɗaya daga cikin masu hatimin ne, daga wata jiha mai nisa ya taso. Ya tsaya kan gilashin ya karanta da Larabci. Shamsiya na juyawa Turanci, Afua na juyowa Hausa.

"Wai: mun karɓe ku a matsayin baƙi masu taimako. Mun nuna muku rijiyoyin da ba mu nuna wa kowa ba. Yanzu makullanmu na aljihunku, kun ce ajiya kuke yi mana. Mai ajiya in mai kaya ya zo yakan miƙa masa. Wa ya ba ku? A gaban wa aka yi? Muna neman wanda zai ji mu."

Dattijon ya share hawaye. Ya ce kakansa ya mutu yana tambayar ko amsa ta zo. Sannan ya buɗe jaka ya fito da farin mayafin ulu irin na ƙasarsu, ya yafa wa Shamsiya a kafaɗa, ya kira ta 'yar amana, wadda ta sauke nauyin da ubanta ya kasa saukewa. Zaure ya ɗauki tafi. Wayoyi suka tashi sama.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wace kafaɗa ce ta ɗauki wannan takarda daga Damagaram zuwa Lome, daga Lome zuwa Makka, daga Makka zuwa Harlem? Wa ya tsare ta daga ruwan wanka da zufar kasuwa? Wa ya hana jami'in filin jirgi ya tsaga ta, har jirgi ya kusa tashi ya bar ta? Ga farin ulu can a kan farin leshi, ita kuwa ko kujerar gaba ba a ajiye mata ba.

Ta miƙe. Sandarta na buga dutsen ƙasa, ƙwas, ƙwas, har tafin ya mutu da kansa.

"Ke, Shamsiya."

Murmushin ya tsaya a fuskar Dokta kamar an manna shi. Ta sauko da sauri, ta rage murya. "Yaya, wa ya kawo ki? Gwiwarki fa. Zo mu fita waje in yi miki bayani."

"A waje kika farke ta? A nan kika baje ta, a nan za mu yi." Ta ciro abin ruwan ƙasan daga jaka ta jefa mata a ƙirji. "Ungo kayanki. Me kika cusa a ciki?"

"Addu'a ce, wallahi. Malami na sa ya rubuta. Ayoyin tsari ne na gaskiya, Yaya, sun ma fi wadda kika rasa, don ita babu ko bisimilla ta tsari a cikinta. Wasiƙa ce kawai."

"Na roƙe ki addu'a?"

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"To kin gani."

"Na gani. Kin san ba zan yarda ba, sai kika jira aka sa mini allurar barci."

'Yan ofishin jakadanci sun sunkuyar da kai, matansu kuwa sun miƙe wuya. Shamsiya ta ja mayafin ulun ta rufe ƙirjinta, ita ma ranta ya fara ɓaci.

"Yaya, wannan ba kayan mutum ɗaya ba ne. Tarihi ne. Shekara takwas ina bin sawunta. Na ji masana na cewa dattawan sun rantse sun aika wasiƙa, babu wanda ya taɓa ganinta, na tuna yadda Baba ke yanke labari ya nemi buta. Na haɗa wannan da wancan. Mutum goma sha ɗaya sun mutu suna jira, ke kina yawo da maganarsu a ƙarƙashin riga kina sayar da sabulu."

"Sabulun ne ya saya miki akwatin da kika tafi Faransa da shi."

"Ban manta ba."

"Ni ya ba. Bai ba ki ba. Da yana so a karanta, ga ki nan da karatunki har ya rasu, me ya hana shi?"

Nan ne Shamsiya ta faɗi abin da ko kare ba zai ci ba. Ta faɗe shi a hankali, da Hausa, kamar mai gaya wa yaro wuta na ƙuna.

"Shi ya sa ya ba ki, Yaya. Ya kasa ƙona ta, ya kasa kallonta. Ya nemi inda ba za a taɓa buɗewa ba. Da ni ya ba, da na karanta."

Afua ta ce, "Ei!" ta dafe baki.

Safiatu ta tsaya. Ta ga zauren Damagaram, ta ga hannun rigar da aka naɗe. Abin da ya fito da ni da raina. Ashe ba ƙarya ya yi ba, kuma ba gaskiya ya faɗa ba. Shekara hamsin da ɗaya tana cewa a ranta ita ce zaɓaɓɓiya, ashe rami ya gani ya binne kunyarsa, ramin da ya tabbata ba ya karatu don shi ya hana shi karatun. Ko kuwa ba haka ba ne? Ko Shamsiya ce ta ƙaga don ta ƙwace har wannan? Mutum ɗaya ne ya sani, yana kwance a maƙabartar Damagaram shekara talatin da biyar. Kafin yau ba ta da tambaya. Yanzu an ba ta tambayar da za ta kai ta kabari, an kuma tafa wa wadda ta ba ta.

Wata doguwar Baturiya mai gajeren gashi ta iso, tana murmushin masu kashe wuta. Shugabar gidan ce. Ta tambayi Shamsiya ko lafiya.

"Yauwa," in ji Safiatu. "Ke 'yar tafinta ce, kin gaji ubanki. Juya mata. Ce mata abin da ke cikin gilashin nan nawa ne, sace shi aka yi ina kan gadon asibiti."

Shamsiya ta yi wa Baturiyar magana a gajarce.

"Ƙarya ne, Hajiya," in ji Afua da ƙarfi. "Cewa ta yi wai kin ji motsin rai saboda tuna mahaifinku."

"To ke faɗa mata."

Afua ta gyara ɗaurin zane ta faɗa, da Turancinta na kasuwa, ba ta rage ko gishiri ba. Murmushin Baturiyar ya ragu. Ta ce ba su sani ba, an gaya musu kayan gado ne na iyali, Dokta ta sa hannu a takardar kyauta, yanzu wasiƙar na hannun gidan bisa doka. Ta ce a nan za ta fi samun kulawa, akwai ɗaki mai sanyi, babu zufa, babu danshi. Ajiya ce suke yi wa kowa da kowa.

"Ajiya," in ji Safiatu. Ta juya ta nuna dattijon Balaraben da sandarta. "Afua, ce wa wannan bawan Allah ya sake karanta wurin nan na makullai. Da alama masu gidan ba su ji ba."

Wani daga baya ya yi dariya ya mai da ita tari. Dattijon ya matso, ya saurari Afua, ya dubi Safiatu tun daga kallabi har takalmin roba. Ya dafa ƙirji ya ce Allah ya saka mata, bai san ita ta riƙe ba. Safiatu ta jira. Idonta na kan mayafin. Bai ce a cire a ba ta ba. Abin da ya ƙara shi ne, in gaskiya za a bi, wasiƙar ba ta gidan nan ba ce, ba ta 'ya'yan tafinta ba ce, ta garinsu ce, can ya kamata ta koma.

To ga shi. Baturiya ta ce tata ce da doka, Balarabe ya ce tasa ce da jini, Dokta ta ce tata ce da bincike. Wadda fatarta ta goge fata uku har suka yi sheƙi ita ce ba ta da komai.

Shugabar ta yi shawara da wani mai tabarau, ta dawo da tayi. Za a sake buga ɗan katin da ke jikin gilashin, a sa sunan Hajiya Safiatu a matsayin wadda ta adana. Fatun uku kuma, tunda ba su ne takardar ba, ana iya ba ta su yau ta tafi da su.

Sunan ya taɓa ta, ba za a ɓoye ba. Ta dubi ɗan farin katin, layukan baƙaƙe kamar jerin tururuwa, ta yi tunanin matan ofishin jakadanci suna karanta shi.

"A sama da nata ko a ƙasa?"

Afua ta tambaya. Baturiyar ta ce a ƙasa, haka tsarin yake, mai ba da kyauta ne a farko.

"Kuma ko sun sa, ta yaya zan san sun sa? Sai in kira wannan ta karanta mini?" Ta nuna Shamsiya da haɓa. "Fatun kuma in kai su ina? A yanka miki akuya a miƙo miki ƙirgi a ce ga akuyarki?"

"Yaya, don Allah," in ji Shamsiya, yanzu idonta ya kawo ruwa. "Me kike so? Faɗi, in yi."

"Ɗinke ta. Ki mai da ni ranar da ban sani ba."

Babu wanda ya juya wannan zuwa kowane harshe.

Safiatu ta jawo kujera daga layin gaba, wadda aka manna wa sunan wani babba, ta kafa ta a gaban gilashin, ta zauna, ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki, ta ɗora sandar a cinya. Mai gadi ya taho, Baturiyar ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Afua, tsaya nan kusa da ni, ki faɗa da ƙarfi yadda na bayan can za su ji. Ban iya karatu ba, amma na san ba a karɓar kaya a hannun mutum sai an tambaye shi ina ya samo. A gidan nan akwai wanda ya karɓa bai tambaya ba. Akwai wanda ya riƙe aska ya tsaga fata uku, ya ga zufar mutum a jikinsu, bai ce ina mai zufar ba. A fito mini da shi. Ita kuma wannan mai farin mayafi ta koma kan mumbarin da ta tsaya ta tona ubanta, ta faɗa da Turancin nan nata, a gaban waɗanda suka tafa mata, yadda ta samu da abin da ta rataya mini wata biyar. Su dattawan Fazzan sun aika takarda sun zauna jira har suka mutu. Ni ban aiki kowa ba, da ƙafata na zo. Wa ya ba ku? A gaban wa aka yi? Wani ya buɗe baki ya amsa mini."